AKWATIN MARDIYA

Shafi na 19

Masu kare Goggo 'Yardada a ƙarƙashin rubutuna, musamman baiwar Allahn nan da ta rantse tsohuwa ba za ta taɓa cutar 'yar da ta goya ba, ku matso kusa, yau da ku nake. Ni dai bakina alaikum, ku karanta da idonku.

Wanda ya shigo yanzu kuma, ga inda muke. Mardiya ita ce ƙarama a cikin masu jinya a ɗan asibitin matan da Turawa suka buɗe cikin birni, a shekarun da Bakano yake ganin shiga asibiti sallama ce da duniya. Goggonta 'Yardada, yayar mahaifinta, ita ta riƙe ta tun yaye, ita ce babba a cikin masu jinyar, ita kuma ta kawo ta aikin. Mun tsaya da hantsi, an shigo da Kulu matar Jafaru baduku daga Ƙofar Wambai a kan ƙyaure, hannunta na dama naɗe da tsumma.

*

Mardiya ce ta warware tsumman, ganye da toka duk sun manne a jiki. Da ta kai ƙarshe sai da ta kau da kai.

Daga gwiwar hannu zuwa kafaɗa ya kumbura suntum yana sheƙi. A cikin lanƙwasar hannun fata ta yi baƙi ta fara saɓulewa, a tsakiyar baƙin kuma ga wani ɗan ɗigo, bai fi kan tsinke ba.

Ta san ɗigon nan. Duk ranar allura ita take riƙe tasa Likita yana lalube, kuma ya sha faɗa musu cewa maganin tunjere, ciwon nan mai zubar wa mata ciki, a cikin jijiya yake magani, in ya kuskure ya zuba a tsoka, cin nama yake yi.

Kulu ba ta san inda kanta yake ba, sai nishi da sambatu.

Sista, Baturiyar da ke shugabantar wurin, ta sunkuya ta daɗe tana duba hannun. Sannan ta ɗago. Hausarta a hankali take fita, amma babu kalmar da ke ɓata a ciki.

"Wa ke zuwa gidan wannan matar?"

"Ni ce, Sista."

"Me na aike ki ki yi?"

"Wankin gyambon ƙafarta. Ruwan ɗumi, aidin, bandeji."

"Sai me?"

"Shi ke nan."

"Allura fa?"

"Ba aikina ba ne. Na Likita ne."

"To wa ya yi wannan?"



Gaskiyar magana, Mardiya ta kwana biyu ba ta taka gidan Kulu ba. Matan kulle ba sa fitowa, don haka Sista ta raba wa masu jinya gidaje, kowa da akwatinta na auduga da bandeji, kowa da unguwarta. Ƙofar Wambai ta Mardiya ce. Amma tun da ta yi wani zazzaɓi da damina, Goggo ta ƙirƙiro wani tausayi. "Ke 'yar nan, tafiyar nan ta yi miki yawa. Kawo akwatin, ai hanyata ce." Tun Mardiya tana nonnoƙewa har ta saba miƙawa. Ko sau ɗaya ba ta gaya wa Sista ba, don a ganinta tsakanin 'ya da uwa ne.

Sista ta miƙe tana goge hannu.

"Wadda ta yi wannan yau za ta ajiye farin zane. Likita kuma ya ce gaban alƙali za a kai ta. Je ki, zan kira ki."

Farin zanen nan na masu jinya shi ne duk abin da Mardiya take taƙama da shi a duniya. A kansa 'yan uwa suka daina cin abinci kwano ɗaya da ita, wai tana taɓa masu ciwo. A kansa aka yi mata waƙar habaici a gidan biki. Ta shanye duk, saboda ranar da ta ga gyambon da ta wanke da hannunta ya rufe, tsohuwar ta taka ƙafa ta tafi gida, ta san ta samu abin yi.

Maza ba sa wuce tsakar gida. Jafaru yana tsugune a gindin tagar ofishin Sista, tagar a rufe, yatsunsa jajir da rinin fata, ya haɗa kai da gwiwa. Can an jima Goggo ta fito daga ofishin, ta gifta ta gabansa.

"Sannu, Inna," in ji shi, bai ɗago ba.

Ba ta amsa ba. Ta ja gefen mayafi ta rufe baki ta wuce. Goggon da ko mai tallar gawayi sai ta tambaye shi mutanen gida! Mardiya ta lura, amma ba ta gane ba tukuna. Ta bi bayanta zuwa ɗakin dafa kaya, inda ake tafasa almakashi da allurai a tukunya.

"Turo ƙofar," Goggo ta ce da dusasshiyar muryar nan tata ta masu cin taba. Tana juya almakashi a ruwan zafi, ko a jikinta.

"Goggo, hannun Kulu."

"Na gani."

"Ke ce?"

"Iye? Yaushe kika zama alƙali?"

"Don Allah, Goggo. Ke ce?"

Ta ajiye abin juyawar ta waiwayo.

"Kin san cikin yarinyar nan nawa ya zube? Kin taɓa tambayarta, ko ƙafa kawai kike wankewa ki fito? Kama zanena ta yi tana kuka. Miji ba zai bar ta ta fito ba, Likita namiji ne ba zai shiga ba. In zuba ido?"

"Da kin gaya wa Sista. Ai ta taɓa zuwa da kanta ta roƙi maigida, ya kuma yarda."

"Sista!" Goggo ta ja tsaki. "Tun ba a haife ki ba nake karɓar haihuwa a garin nan. Rana ɗaya Baturiya ta zo ta ja mini layi, wai iyakata wanki da shafa da juya mara lafiya. Tun da aka buɗe gidan nan ni nake riƙe hannu Likita yana sokawa, idona a kai. Me ya fi ni? Tabarau?"

"Ya san yawan da ake sawa. Ya san abin da ake yi in ta kuskure. Ke da ta kuskure, Goggo, me kika yi?"

Tukunya tana ta ɓararraka.

"Ganye na ɗora mata," ta ce ƙasa-ƙasa.

"Inna lillahi! A ina ma kika samu allurar?"

"Wadda Likita ya yar don ta tsage. Magani kuwa, me ye babu a kasuwar Kurmi?"

Mardiya ta jingina da bango.

"Gidan Kulu kaɗai?"

Goggo ta kau da kai.

"Goggo, gidan Kulu kaɗai?"

"Saura ai sun ji daɗi. Babu wadda ta yi ƙorafi."

Nan fa komai ya dawo mata. Kunun tsamiyar da Goggo take dama mata ta ce kwanta ki huta. Bargon da take ja mata. Yadda ta riƙa yi wa Dije abokiyar aikinta alfahari, wai duk birnin nan babu mai goggo irin tata. Ashe ba tafiyar ake tausaya mata ba, akwatin ake so. Akwatin shi ne yake buɗe ƙofar gidajen kulle. Abin da ta ji ba ma fushi ba ne tukuna, kunya ce, irin ta wanda aka yi wa wayo a gaban jama'a yana dariya.

"Yanzu ya za a yi?" ta tambaya, hawaye na zuba.

Goggo ta matso. Ta sa bakin mayafinta ta share mata fuska, kamar yadda take yi tun tana ƙarama.

"Shiru za ki yi."

"Shiru?"

"Ba ƙarya na ce ki yi ba, Allah ya tsare. In an tambaye ki, sunkuyar da kai. Shi ke nan."

"Su ce ni ce."

"Ke yarinya ce. Faɗa za a yi miki a sallame ki, alƙali ma zai ce ƙuruciya ce. Ni fa? Da furfurata dogari zai tasa ni gaba ta tsakiyar kasuwa? Kina so a yi wa gidanmu wannan?"

"Aikina fa, Goggo?"

"Aikin, wa ya ba ki?"

Goggo ba ta jira amsa ba.

"Mahaifinki a tafin hannuna ya ajiye ki, ko tafiya ba ki iya ba. Bayan nan," ta bugi bayanta, "shi kika yi wa fitsari. A ina kika taɓa jin 'yar Fulani ta buɗe baki a kan wadda ta goya ta, a gaban baƙi? Ke 'yar nan, na san tarbiyyar da na yi miki. Ba za ki iya ba."

Ku dai lura da kyau, masu karatu. Ba roƙo take yi ba. Ta riga ta auna yarinyar tun tuni, ta san daidai inda kunya za ta ɗaure mata harshe, a kan haka ta gina komai.

Dije ta ƙwanƙwasa ƙofa.

"Sista tana kira. Ku biyun."

*

Sista tana zaune bayan teburinta, taga a buɗe. Goggo ta shige lungu ta tsaya, mayafi a baki. Mardiya ta durƙusa a gaban tebur.

Sista ta ɗaga murya wajen taga.

"Malam Jafaru, maimaita abin da ka gaya mini."

Muryarsa ta shigo, a gajiye.

"Ranki ya daɗe, ni ban ga fuska ba, kada in ɗauki alhaki. Mace in za ta shiga gidana ina zaure ina ɗinki, kaina ƙasa nake yi, haka muka taso. Farin zane na hanga da akwati. Sai sallama da na ji."

"Me ta ce?"

"Cewa take yi, salamu alaikum, Mardiya ce ta asibiti. Kullum haka. Maƙwabcina Ilu ma ya ce haka take faɗa a nasa zauren. Ranar da abin ya faru ta daɗe a ciki, na ji Kulu ta yi ƙara. Da ta fito na tambaya, ta ce ba komai, Mardiya ta san aikinta."

Mardiya ta ji kamar an watsa mata ruwan tukunyar nan.

Bari in gaya wa wanda bai san gidajen Fulani ba abin da ya sa maganar ta soke ta haka. Goggo ba ta taɓa haihuwa ba, don haka Mardiya ce 'yar farinta, 'yar fari kuwa ba a faɗin sunanta. Tun da ta yi wayo ba ta taɓa jin "Mardiya" daga bakin Goggo ba. Sai "ke", sai "'yar nan". Ko wani ya tambaya, cewa take yi "yarinyar gidana". Mardiya tana jin daɗin wannan kunyar, a wurinta ita ce shaidar cewa ita 'ya ce ba 'yar riƙo ba. Ita ma haka, ko a mafarki harshenta bai taɓa kama sunan Goggo ba.

Ashe sunan yana fita. Ba a gida ba, a zauren mutane, zaure bayan zaure, da tsagaggen sirinji a ƙugu.

Ta juya a hankali ta dubi lungun. Goggo tana kallon rufi.

Sista ta haɗa yatsunta a kan tebur.

"Ban so in yarda ba, Mardiya. Ke ce wadda ba na maimaita wa magana. Amma ɗazu 'Yardada ta zo nan da kanta tana kuka. Ta ce ta taɓa kama ki da sirinjin da Likita ya yar, ta yi miki faɗa, ta rufa miki asiri saboda ke 'yarta ce. Ta roƙe ni in sassauta miki."

Ɗazu.

Wato kafin ɗakin dafa kaya. Kafin share hawaye da bakin mayafi. Kafin "ba ƙarya na ce ki yi ba". Ƙaryar an riga an yi ta an gama, shirunta kawai ake jira ya zama hatimi. Da Goggo ta durƙusa ta ce na yi kuskure, 'yar nan, ɗauke mini, wallahi Mardiya da ta ɗauka, da farin zanen da komai. Amma ba a tambaye ta ba. An sayar da ita tukuna, sannan aka zo ana lallashi.

Daga ɗakin marasa lafiya nishin Kulu ya taso, dogo, ya sake kwantawa. Matar Ilu ma tana can wani gida, ita da sauran da ba a san yawansu ba. Sirinjin kuma yana nan inda aka ɓoye shi.

"Rana ta farko me na koya muku?" in ji Sista.

Mardiya ta amsa. Muryarta da ƙyar take kaiwa tebur, balle taga.

"Kada hannu ya yi abin da ba a koya masa ba. Abin da ya yi kuma, baki ya faɗa."

"To ina jin ki."

A lungu Goggo ta yi gyaran murya, ɗan kaɗan, irin wanda take yi in Mardiya za ta miƙa hannu a kwanon baƙi.

Mardiya ta matsa da gwiwoyinta har jikin tebur.

"Ina da laifi, Sista."

Kafaɗun Goggo suka sauka.

"Gidajen da kika ba ni amana ne. Na ba da akwatina, na ba da unguwata, ban gaya miki ba. Da na je da ƙafata da na ga hannun nan tun bai yi baƙi ba. Wannan nawa ne, ki hukunta ni a kansa, ba zan yi musu ba." Ta ja numfashi. "Amma allura, wallahi tallahi ban taɓa soka wa ɗan Adam ba."

Sista ta sunkuyo.

"Wa kika ba akwatin?"

Mardiya ta sunkuyar da kai.

"Mardiya. Wa kika ba?"

"Goggo," ta ce, kamar mai raɗa.

"Tsofaffin gidan nan duk Goggo kuke ce musu. Da wadda take wanki, da wadda take dafa kunu. Likita zai tambaye ni, alƙali zai tambaye shi. Suna nake so."

Haba Sista! Da ta san abin da take nema da ta nemi wani abu. Mardiya ta ji harshenta ya yi nauyi, gumi yana bin bayanta. Duk tarbiyyar gidansu ta taso ta danne mata wuya: mahaifinta, dangi, matan unguwa da za su riƙa nuna ta da baki har ta tsufa, ga wadda ta kira uwarta da suna a gaban Nasara. Ta runtse ido. Abin da ta gani shi ne zauren Jafaru, da farin zane yana giftawa, da sunanta yana shiga gaba.

Ta buɗe ido.

"'Yardada."

Ko ita da ta faɗa sai da ta ji baƙon abu a bakinta.

Goggo ta fizge mayafin daga fuskarta. Idanun nan sun kaɗa jajir. Duk dabarar da ta yi ta rufe baki tun safe, fushi ya share ta. Ta ɗaga dusasshiyar muryar nan har sai da ofishin ya amsa.

"Mardiya! Ni? Ni kika kama sunana? Mardiya, ni?"

Mardiya ta zuba mata ido, hawaye yana gangarowa ba ta share ba. Tun tana yarinya take son ta ji yadda sunanta zai fito daga bakin nan. Yau ta ji.

A waje aka ji motsi. Inuwa ta rufe taga. Jafaru baduku, wanda tun da ya zo bai ɗaga kai ya dubi mace ba, ya miƙe tsaye, jajayen yatsunsa sun damƙe ƙarfen tagar.

Goggo ta kai hannu bakinta da sauri.

"Ranki ya daɗe," in ji shi. "Wace ce ta yi magana yanzu?"

Ya ci gaba.

"Na ce ban ga fuska ba, kuma ban gani ba. Amma kunnena ƙalau yake. Wallahi muryar nan ce take yi mini sallama a zaure."